Yadda Ake Zuwa Yankari a Dawo da Mutunci

Ka yanke shawarar kai iyali Yankari? Allah ya sa alheri. Sai dai ka sani tun daga gida, dajin nan ya haura murabba'in kilomita 2,200, tun 1956 aka keɓe shi, kuma babu dabbar da ta yi maka alkawarin fitowa gaisuwa.

Fara da zaɓen lokaci. In ciyawa kake marmarin gani, je da damina, za ka same ta ta fi ka tsawo, giwa na kiwo a bayanta ba ka da labari. Mai son ganin namun daji da rani yake zuwa, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da tafkuna suka ƙafe, ƙishirwa ta koro ɓauna da gwanki da giwa zuwa kogin Gaji. Ruwa ya kawo su, kai ɗan kallo ne kawai.

Daga Bauchi ka kama titin Gombe, a Dindima ka yi kudu. In ka kai ƙofar Mainamaji kada ka yi gaggawar cewa an iso, da sauran kilomita 40 da ɗoriya kafin sansanin Wikki. Ka tanadi amsar "Baba, ina zakin?" domin daga nan za a fara, kuma ba za a daina ba.

Shaddar Sallah ta zauna a gida. Tsando na son shuɗi da baƙi, cizonsa kuma yana ratsa riga. Fara kuwa ƙura za ta rina maka ita kyauta. Nemi mai ruwan ƙasa.

Yanzu ga babban darasi. A Wikki mai masaukinka na gaskiya gwaggon biri ne. Ya san ƙarar leda, ya san kular abinci, ya san tagar da aka manta ba a rufe ba. Kana sauke kaya yana zaune nesa kaɗan yana sosa ciki, wai shi ba ruwansa. Ka juya ka amsa waya, burodi ya hau rufin ɗaki. A can zai yage ledar a natse, ya ci, yana kallonka ido cikin ido. Kada ka bi shi, kada ka yi masa wa'azi, haƙoransa sun fi naka. Uwargida ta kulle kula a mota, a ɗaga gilashi. Gadu ba shi da wannan hali. Zai durƙusa a gwiwoyinsa na gaba yana kiwo, in ya tsorata ya ruga da jela a tsaye kamar eriyar rediyo.

Shiga daji da sassafe ko da la'asar ake yi, tare da ɗan jagora. Kashe ƙarar waya, a dakatar da hirar siyasa, kuma kada ka sauka ɗaukar hoto da giwa mai ɗa. In ɗan jagora ya nuna maka ɗanyen kashin giwa da karyayyun rassa ya ce yanzun nan suka wuce, ɗauki hoton kashin. Wata rana shi ne shaidarka.

Da ka dawo, faɗa ruwan Wikki. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, garau har kana ganin yashin ƙasa. Shi kaɗai ne ba ya saɓa alkawari a dajin nan.

Zaki fa? 'Yan kaɗan ne suka rage, kuma yini suke barci. In ka koma majalisa aka tambaye ka, ka gyara zama ka ce, "Da dare dai mun ji wani gurnani." Ba wanda zai ƙaryata ka. Amma kafin ku shiga gari ka saya wa yara tsire mai yawa, domin su ne suka ga yadda kuka ƙare da biri.