Jinjina ga Gwanayen "Bincike Ya Nuna"

A ba ni wuri in yi wa 'yan jaridar kimiyya kirari, don sun ci a yaba musu. Mutumin da zai ɗauki takarda mai shafi ashirin, ya matse ta ta koma kanun labari kafin shayinsa ya huce, ai ba ƙaramin gwani ba ne. Ga kuma kyakkyawan zato. Da sun hango sunan jami'a a saman takarda, shi ke nan, sun sallama.

Dubi karamcin da suka yi wa Diederik Stapel, farfesan nazarin halayyar jama'a a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan. A watan Afrilun 2011 mujallar Science ta buga aikinsa mai cewa ƙazantar wuri tana ƙara wa mutane wariyar launin fata. Wai ya je tashar jirgin ƙasa ta Utrecht lokacin da masu shara ke yajin aiki, aka zaunar da baƙar fata a ƙarshen jerin kujeru, sai Turawa suka riƙa zama nesa da shi fiye da ranar da tashar take fes. Kai, labari ya yi daɗi! Ga dalilin wariya, ga maganinta a tsintsiya. Jaridu suka ɗauka suka yayata. Babu wanda ya wahalar da takalminsa ya je tashar ya ƙirga kujerun. Wannan shi ake kira tarbiyya. Ina ɗan jarida ina tuhumar farfesa?

A watan Agusta kuma aka fito da wani aikin nasa: wai masu cin nama sun fi son kai. Wannan ko mujalla bai shiga ba, sanarwar manema labarai ce kurum. Amma mai karamci ba ya tambayar baƙo takardar shaida, sai aka shimfiɗa masa tabarma shi ma.

Waɗanda suka ɓata bikin wasu matasan masu bincike ne su uku, marasa kawaici, da suka tsaya duba alƙaluma. A watan Satumba jami'a ta dakatar da Stapel. Ashe malam zama yake shi kaɗai da kwamfutarsa yana ƙirƙirar lambobin da ransa ke so. Kwamitocin bincike suka gano maguɗi a takardunsa 55. Shi kansa, da aka fara tuhumarsa, ya je tashar Utrecht, ya duba sama da ƙasa, bai ga wurin da ya yi kama da wanda ya siffanta ba. A nan ne basirar gwanayenmu ta fito fili: sun sayar da ƙaryar, suka dawo suka sayar da tonon asirinta, riba biyu a hanya ɗaya, kowa na tambayar yadda aka yi jami'a ta yi barci, babu mai tambayar wanda ya kai tallar gida-gida.

A 2015 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya gwada zurfin wannan kyakkyawan zato. Ya ƙirƙiri cibiyar bogi, aka yi gwaji da mutum 15 kacal, aka auna abubuwa 18 a jikinsu, don ya san in ka auna abubuwa da yawa a mutane kaɗan, dole ɗaya ya faɗo maka bisa dace. Sakamako: cakulan na rage ƙiba. Bild, babbar jaridar Jamus, ta buga, wasu ƙasashe suka kwafa. Tambayar "mutum nawa aka gwada?" kalma huɗu ce, amma masu kunya ba sa yin ta.

A shekarar ne dai masana 270, ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek, suka maimaita gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, sai kusan 36 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Aikin shekaru ne, ba cakulan a ciki, ba tsintsiya. Su kuwa gwanayenmu, Allah ya ƙara musu kuzari, washegari suka koma bakin aiki, "wani sabon bincike ya nuna," har ya iso rediyonmu da Hausa, mai shayi ya ji, ya faɗa wa mai faci cewa masana ne suka ce.