Tseren mota a ƙasar Arewa: direbobi sun wadata, saura takardu

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gudron Dogon Dutsi ranar rakiyar amarya ya san ƙasar Arewa ta Nijar ba ta rasa matuƙa masu ƙarfin hali ba. Babura a gaba, kowanne da mutum uku, na ƙarshe ya juya baya yana ɗaukar hoto da waya. Mota na biye, wani saurayi ya fito da rabin jikinsa ta taga yana kaɗa hula. A mararraba sai a tsaya a yi juyi, taya na kuka, ƙura ta lulluɓe mai tuyar ƙosai da kaskonta. Da daddare a fada, ana zuba shayi na biyu, wanda ya fi kowa tada ƙura zai rantse cewa da ya sami mai ɗaukar nauyinsa, da tuni yana tseren Dakar.

Sunan bai zo masa daga sama ba. Nijar ta san wannan tsere tun haihuwarsa. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace a hamada bisa babur a 1977, lokacin gasar Abijan zuwa Nice. Da aka tsinto shi, maimakon ya yi sadaka ya zauna gida, sai ya koma Faransa ya gayyato wasu su zo su ɗanɗana. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka ratsa Aljeriya, suka biyo ta Agadas da Yamai. Waɗanda suka ga Dakar 74 ne. Shekara da shekaru ayarin yana yada zango a Agadas, Tawa da Yamai, har 2000 da aka kwashe shi ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari. An soke tseren a 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009, daga 2020 kuma Saudiyya ake yinsa. Wato saurayin fada na haramar tafiya bikin da aka tashi daga unguwar tun yana rarrafe.

To, a ce dai da gaske yake. Ta ina sabon shiga yake farawa?

Daga likita. Kafin mutum ya taɓa sitiyari a gasa, sai an auna idonsa da bugun zuciyarsa, ya nuna parmi na gaskiya, ya shiga ƙungiyar masu wasan mota, ya karɓi lasisin tsere. Nan take rabin layi ya watse, domin akwai gwanaye da yawa da suka koyi tuƙi a hannun yayansu bayan gari, waɗanda dangantakarsu da parmi ba ta wuce gaisuwa daga nesa ba. In jandarma ya tambaya, amsar a shirye take: “Wallahi shef, yana cikin ɗayar rigar.”

Daga nan sai motar ta je gaban masu bincike. Dole a gina mata keji na bututun ƙarfe a ciki, don in ta kife kada rufi ya danne mutum. Dole kujera ta musamman, da ɗamara mai kama kafaɗu da ƙugu, da tukunyar kashe gobara, da riga wadda wuta ba ta saurin ci, da hular kwano. Shirin tsere irin na gida kuwa akasin haka yake tafiya. Ranar da aka sayo sabon babur, abu na farko a kwance madubai biyu a ajiye a ɗaki, wai suna ɓata masa kyau. Na biyu a huda salansa, don a ji tahowarsa tun daga Tozon Bijini. Hular kwano, in ma akwai ta, a hannun babur take rataye, tana kare fitila daga sharrin hanya. Mai ɗaura bel a mota kuma kallon sabon direba ake yi masa, har wani ya tambaye shi ko bai yarda da ƙaddara ba ne.

Abin da ya fi ɓata ran sabon shiga shi ne kujerar dama. A tseren gaske direba ba shi kaɗai yake ba, akwai mai karanta hanya a gefensa, riƙe da littafin da aka zana kowace kwana da kowane rami, yana faɗa masa inda zai rage da inda zai taka. Direba kuma ya bi, ko da ya girme shi. A ƙasar da gaya wa direba “Maigida, a sassauta” yake jawo “Sauka ka tuƙa mana,” wannan sharaɗi ya fi na likita tsanani. Karen mota ma da ya san kowane rami tsakanin Matankari da Dogon Kiriya, aikinsa ya rataye a baya ya buga ƙarfe in za a tsaya.

Ga misalin abin da raina wannan kujera yake haifarwa. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan Firaministar Ingila ta lokacin, ya shiga tseren Dakar a matsayin mai karanta hanya cikin wata Peugeot 504. Daga baya shi da bakinsa ya ce bai yi wani shiri ba. Motar ta lalace a hamadar Aljeriya, nesa da inda ya kamata ta bi, shi da abokan tafiyarsa suka yi kwana shida ba labari, sai da jirgin sojan Aljeriya ya hango su. Uban nasa ya taso takanas don nema. A wannan shekarar dai wasu 'yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, waɗanda suka saba kwana ƙarƙashin motarsu da sifana a hannu, su suka ci tseren da Renault 20. Ɗan gidan mulki da bai yi shiri ba amma ya tabbata komai zai tafi daidai, wannan ba sai an je Landan nemansa ba.

Sai maganar agogo. Motocin tsere ba a sakin su gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya suke tashi, da tazarar minti ɗaya ko biyu, kuma a hanyar da aka rufe kawai ake gudu. Tsakanin wannan yanki da wancan, gwanin duniya ma bin dokar titi yake yi tare da masu amalanke. Kowace tasha da mintin da aka rubuta wa mutum ya iso. A gasar duniya, in ya makara da minti ɗaya a ƙara masa daƙiƙa goma. In ya yi sammako da minti ɗaya a ƙara masa minti guda cur. Sauri ya fi latti laifi ke nan. Direban tasha da zai ce wa fasinja “yanzun nan za mu tashi” tun da hantsi, motar ba ta motsa ba sai bayan la'asar, sannan ya nemi rama awa shida tsakanin Dogon Dutsi da Doso, shi kam ta ko'ina tara za ta ci shi.

A yi adalci, filin atisaye akwai shi, kuma kyauta. Yashin Dallol Mawri na kama taya har gindi. Jar hanya mai ƙwarya-ƙwarya tana kwance duk wani ƙusa da bakanike ya manta bai ɗaure ba. Da damina ruwa ya yanke hanya, sai an sa yaro ya shiga da sanda a ga zurfi. Kuma akwai malamai, sai dai ba a fada suke zama ba. Tsofaffin direbobin kasuwa ne, masu zagayen Tibiri, Gesheme da Kore Mairuwa da buhunan gero da wake, da awaki a sama, da mutane bisa awakin. Irinsu ne za ka ga ya tsaya kafin yashi, ya sauko ba gaggawa, ya tsuguna ya sace wa taya iska da tsinken ashana, ya shiga giya ta biyu ya ratsa a hankali ba tare da ya taɓa birki ba. Abin da ƙwararrun hamada ke yi ke nan. Motar da da yawansu suka tsufa a ciki, 504, ita Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa ta a Kaduna. Saurayi ba ya zuwa wurinsu neman karatu, don a ganinsa duk wanda ba ya gudu bai iya ba.

Gudu kuma a Nijar yana da tarihi. Bishiyar Tenere ta yi zamani ita kaɗai a tsakiyar rairayi, ba wata a kusa da ita tsawon fiye da kilomita ɗari ta kowace fuska. A 1973 wani direban babbar mota ya samo ta, ya buge ta. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai. Shi kansa tseren Dakar ya yi sanadin mutuwar mutanen ƙauye, har da yara, abin da ya sa aka ƙayyade gudu a cikin gari, na'ura na lissafe, wanda ya wuce a hukunta shi. Wannan ɓangare ba na dariya ba ne, kuma a rakiyar amarya ba mai lissafin.

Saura kuɗi. Sébastien Loeb, wanda ya ci kambun duniya sau tara a jere daga 2004 zuwa 2012, a da mai gyaran wutar lantarki ne a garinsu, kuma a 1995 ya fara da gasar zaɓen matasa inda ake kewaya alamomin roba da ƙaramar mota. Sabon shiga na Arewa shi ma da ƙaramin jari yake farawa: mai kwalba biyu na bakin hanya, da makullin motar Alhaji da aka ɗauko bayan ya shiga barcin rana. Gasar takan ƙare a bayan gari, inda wata akuya ta yanke shawarar tsallaka hanya. Kafin ƙura ta lafa mai ita ya iso da shaidu uku, kuma kamar kowace akuya da mota ta taɓa bugewa a ƙasar nan, wannan ma tana da ciki, na tagwaye, ga shi ita ce aka ware don sunan jika. Za a kai magariba ana ciniki a ƙofar mai gari, Alhaji ya biya, ya karɓi makullinsa, ya kuma tafi da naman.