Mayun Kaset a Bakin Iyaka

Duk wanda ya taɓa jiran mota ta cika a tashar Jibiya ranar kasuwa ya san ba shinkafa da wake kaɗai ke tsallaka iyaka ba. Akwai hajar da kwastan bai taɓa neman takardarta ba: kaset ɗin wasa. Ba faifan kamfanin EMI nake nufi ba, ba kuma ɗaukar Rediyon Kaduna ba. Wanda wani bawan Allah ya saɓa rikoda ya ɗauka a filin biki nake nufi, da guɗarsa da kukan jakinsa. Da yake Alhaji Mamman Shata nan take yake ƙaga baiti, Bakandamiyar da ya yi jiya daban take da ta yau, don haka kowane kaset ɗaya ne tilo a duniya. Abin da ya haifar mana da mayu ke nan, kuma na sha wuyarsu.

Sarkinsu shi ne Baba Ina-Wurin. Da an danna kaset, kafin kalangu ya gama gaisuwa, sai ya ɗaga hannu. "Tsaya, ɗana, tsaya! Wannan a Funtuwa aka yi shi, ina wurin." Sai ya faɗa maka kalar rigar ango, da motar da ta kawo makaɗa, da yadda aka yi hadari ruwa bai sauka ba. A sake dannawa, baiti biyu, ya sake tsayarwa. "Ka ji tarin nan? Ni ne. Mura nake yi ranar." Gefe guda na kaset minti arba'in da biyar ne, amma a gaban Baba sai a fara bayan azahar, a kira magariba ba a juya ba. Daren Sallah guda na taɓa lissafa masa: yana Kano, yana Maraɗi, yana Musawa, kuma ko'ina Shata ya dube shi ya yi murmushi. Rannan wani ɗan ƙeta ya kawo tsohuwar ɗaukar Narambaɗa, aka ƙirga shekarun Baba aka ga ko yaye shi ba a yi ba lokacin. Ko gezau. "A goye aka je da ni. Saurara da kyau, za ka ji kukan jariri." Muka saurara, wallahi akwai kukan jariri. Tun ranar na daina musu da shi.

Sai Mai Rowa. Kaset ɗinsa na cikin kwallar uwargida, naɗe da tsumma uku. Zai ba ka labarinsa shekara goma, ba zai bari ka ji ba, wai iska tana cinye murya.

Akwai Magajin Suna, wanda bai damu da waƙar ba sam. A wani wuri sanƙira ya ambaci kawunsa ya ba da jaka guda, nan kawai yake maimaitawa har zaren ya sille. Har yau ana gardama ko jakar Najeriya ce ta naira 200 ko ta Nijar mai sefa dubu.

Direban layin Maraɗi kuwa kaset ɗaya ya maƙale masa a rediyo tun motar na sabuwa. Laifinsa ɗaya: duk shinge sai ya rage murya, kuma daga Magama zuwa Ɗan Isa shingen kullum a kan baiti mafi daɗi yake faɗowa. Na bi shi ya fi sau ashirin, ban taɓa jin ƙarshen waƙar Ɗanƙwairo ɗin nan ba.

Likitan Kaset ba ya rabuwa da biro da kwalbar jan-farce. In zare ya tsinke zai liƙa maka tsaf, sai dai yakan haɗa kan wata da wutsiyar wata. A hannunsa na ji Ɗan Maraya Jos ya fara da kuntigi ya ƙare da wa'azi.

Ɗan Zamani da waya yake ɗauka. Za ka ga fuskarsa, za ka ga agogonsa, mawaƙin kuma sai dai ka yarda yana can baya.

Duk waɗannan na yafe musu, don so ne ya yi musu yawa. Wanda ban yafe wa ba shi ne wani irin mai tura waƙoƙi a memori. Zai lallaɓi tsoho ya karɓi kaset da sunan zai adana masa a kwamfuta. Sai ya yanke guɗa da kirarin maroƙa da hirar 'yan kallo, wai hayaniya ce. Sannan a tsakiyar waƙa, a kan muryar Shata, ya ɗora tasa yana tallar shagonsa da lambar wayarsa, sau huɗu. In tsohon ya dawo neman kayansa, a ce yara sun yi wasa da shi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, ba mai sake tara wannan taron. A Amurka ƙungiyar Grateful Dead har wuri ta ware wa masu rikoda a filin wasanta tun 1984, ana tattalin abin da suka ɗauka kamar zinariya. Mu kuwa abin da kakanni suka ɗauka da kuɗin batirinsu, yaro ɗaya ya rusa shi da la'asar guda. Wannan ba son waƙa ba ne, cin amana ne.

Saura iri na ƙarshe, Mai Aro. Mutum ne mai kunya da zumunci, na san shi sosai. A farkon watan Agustan 2019 ya ari kaset wurin wani dattijo a Maraɗi, ya ce sati guda. Sai gwamnati ta rufe iyaka, ya ce ikon Allah. Aka buɗe ta Jibiya a 2022, ya ce bari hanya ta lafa. Da aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, an ce har sadaka ya yi. Tun Maris ɗin 2024 iyaka a buɗe take, dattijon kuma duk direban da zai taho sai ya aiko da gaisuwa: "Ka ce wa yaron nan ina lafiya, ba wani abu ba."

Ina amsawa, Baba. In Allah ya yarda Lahadi mai zuwa. Yanzu dai ina gefe na biyu.