Albasar da ba ma taɓawa

Mu dai a layinmu, duk gidan da ke da ɗan fangalin albasa a bayan ɗaki yana da wasu kawuna da ko miya ta rasa albasa ba a taɓa su. Su ne iyayen iri. Ranar tono, kafin a ɗebi ta girki, sai a ware masu ƙwari, masu siririn wuya, jajaye irin na Galmi, a baza su kan rairayi a ɗaki mai iska har damina ta wuce.

Jiya da yamma amaryar gidan kusurwa ta leƙo da murnarta: "Iya, tawa ta yi fure tun ban tono ba, na samu iri!"

Iya ta girgiza kai. "A'a 'yata, wannan mai gaggawa ce. In kika ajiye irinta, 'ya'yanta ma kara za su yi miki, kan ya tsaya ƙarami, kuma ba ya ajiyuwa. Tuge ta ki yi miya."

Gaskiyarta kuwa. Albasa sai ta ga shuka 2: ta fari ta yi kai, ta biyu ta yi iri. Da sanyin hunturu ya kawo jiki muke ɗan yanke saman uwar mu binne ta. Sanyin nan ne ke sa ta fid da kara, da farin fure a bisa kamar tuntu. To daga nan ba mai fesa magani, don ƙudaje da ƙudan zuma ne ke haɗa mana auren furen. Su kuwa ba ruwansu da katanga, shi ya sa muka daidaita kowa ya bar ja kawai ta yi fure. In fara ta shigo, baɗi sai launin ya dagule.

Da baƙaƙen ƙwayoyi sun fara leƙowa, mu yanke kan, mu shanya a faifai cikin inuwa, mu murza, mu sheƙe, sai kwalba. Irin albasa ba ya son daɗewa. In ya haura shekara, tsirarsa sai a hankali. Don haka ba ma ɓoyo. Iya ta riga ta ce da amarya ta zo da murfin kwalba lokacin yafi, a cika mata.