Masu Kiran Injiniya

Duk wanda ya tsufa yana aikin kwamfuta na kwangila tsakanin Batsari da Safana, tun zamanin faifan CD, ba na'ura ce ta sa masa furfura ba. Masu kiransa ne, kuma iri-iri ne.

Akwai Oga mai lulluɓi. An kawo masa kwamfuta sabuwa fil, ya sa aka ɗinka mata riga, aka ajiye ta a kusurwar ofis kamar jeren amarya. Ba a yaye ta sai baƙi za su zo daga Katsina. Ran nan ne za a nemo ka da gaggawa, ka tarar ɓera ya cinye waya, lambar sirri kuma tana kan wani magatakarda da ya yi ritaya. Ka tambayi Oga, ya ce, "Gwada sunan babban ɗana." Abin haushi, sau da yawa ta buɗe.

Ɗan'uwa mai "ɗan duba min" shi ba ya zuwa wurin aiki, a wurin ɗaurin aure yake tare ka. Tun Disambar 2020 da aka ce a haɗa layin waya da lambar NIN ya ɗauka kai ne hukumar da ke ba da lambar. Ladanka "Allah ya yi albarka", wadda muke so, amma mai shinkafa ba ya karɓa.

Wanda ya fi cin rai shi ne mai "kai ka taɓa ta ƙarshe". Ka sa masa tawada a firinta da rani, tsawa ta ƙone masa inbata da damina, laifinka ne. A Satumbar 2021, da aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindigar daji, har da Batsari da Safana, irin wannan mutum sai da ya yi sallama da ni a ƙofar gida. Wai tun da na gyara masa imel intanet ɗinsa ta ɗauke. Na ce, "Alhaji, ai gwamnati ce ta rufe." Ya ce, "To, kafin ka taɓa ai ba ta rufe ba."

Sai babban ɗan kwangila, wanda takardar aikin ke ɗauke da sunan kamfaninsa. Yana Abuja, iyakarsa Dutsin-Ma, can ma da rana tsaka. Kai za ka hau babur zuwa Runka ko Wagini, Dajin Rugu na kallonka, ka kafa sola, ka ja waya, ka koya wa ma'aikata kunnawa da kashewa. Nasa aikin shi ne, "Injiniya, turo hotuna ta WhatsApp, ka tsaya a gefe kada ka fito ciki." Ranar biya kuwa fayil yana teburin oga, oga ya tafi Umara, a bari sai bayan Sallah. Bai taɓa cewa wace Sallar ba.

Yaron gida da ya kalli bidiyo biyu a YouTube maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: filashin. Albarkacinsa muke samun aiki, don haka ba zan zage shi ba.

Mai POS da mai cajin waya na bakin kasuwa su ne mutanen kirki a wannan sana'a. Ba takarda, ba taro, ba "ranka ya daɗe". A ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da minti goma ba sabis ke nufin layi ya watse, mai POS zai kira ka, ka gyara, ya ƙirga kuɗinka nan take, har ya saya maka dafaffen rogo.

Ƙannena masu shigowa wannan aiki, ku karɓi kafin alƙalami, rabi cif, kafin ku kwance ko noti ɗaya. Wanda ya ce ba ku yarda da shi ba ne, ku ce masa e.