Yadda Kakanmu Ya Zama Janar

A taron danginmu na ƙarshen shekara, wanda ake yi a gidan Kawu a Sabon Tasha, ba a taɓa watsewa ba sai an ɗora wa wani aikin da bai nema ba. Bara ni abin ya faɗo wa. Kawu ya miƙe, ya saɓa hannun babbar riga, ya ce abin kunya ne a ce ƙungiyar masu Keke Napep tana da kalanda, Zumuntar Mata tana da kalanda, amma zuriyar mutumin da ya je yaƙin Bama ya dawo da ƙafafunsa ba ta da ko ɗaya. Aka tafa. Ya ce za a buga tamu, hoton Kaka cikin kaki a tsakiya, tarihin jarumtakarsa a ƙasa. Aka sake tafawa. Sai ya waiwayo ya nuna ni da sanda: "Kai da ka yi boko har ya ishe ka, kai za ka nemo mana takardunsa."

Kaka ya rasu tun ina goye, don haka a bakin 'ya'yansa biyu na san shi, kuma in ka saurare su sai ka rantse uba biyu ake magana. A wurin Kawu, Kaka ya kori Hitila har bakin teku, kuma sanƙon da ke tsakiyar kansa harsashi ne ya shafe shi ya wuce. A wurin Gwaggo, mutum ne mai shiru-shiru wanda in an ambaci Bama abu biyu kawai yake faɗa: ruwan sama ba ya ɗaukewa, matsattsaku kuma ba su san girman soja ba.

Na ce, "Kawu, ai Hitila yana Jamus. Waɗanda aka gwabza da su a Bama sojojin Japan ne."

Ya ce, "Kana nan aka yi?"

Kayan aikin da aka damƙa mini guda biyu ne. Na farko lambar yabo, tauraro mai tsini shida, da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Tauraron Bama ke nan, wanda aka ba duk wanda ya yi wannan yaƙin. Na juya bayanta da murna ina neman suna, na tarar da ita fayau. Ashe haka Ingila ta raba irin waɗannan taurari na Yaƙin Duniya na Biyu, ba suna ba lamba. Na biyu shi ne hoton da ke rataye a falon Kawu tun kafin a haife ni. Da muka sauke shi muka goge gilashin, sai ga sojoji sahu uku, gajerun wanduna, malafa an naɗe mata gefe ɗaya, wani Bature mai gashin baki a zaune a tsakiya ya ɗora sanda a cinya. Takardar ta koma ruwan ƙasa, wata tsaga ta ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwa, kowace fuska kuma ba ta wuce ƙwayar wake ba.

Na ce, "To, wanne ne shi?"

Kawu ya dangwala yatsa kan wani dogo a sahun baya. A daidai lokacin Gwaggo ta dangwala nata kan wani gajere da ke zaune a ƙasa, mai faffaɗan kunnuwa.

"Yaya, ubanmu dogo ne."

"Dogo a idonka, don kana ɗan mitsitsi lokacin. Dubi kunnuwan nan. Dubi naka. Dubi na yaron nan."

Duk falon aka juyo ana duban kunnuwana. Na tattara kayana na fita.

Na fara da intanet, tunda can ba mai duban kunnen mutum. Nan na fahimci girman abin. Turawa sun haɗa manyan rundunoni biyu daga Nijeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya, ta 81 da ta 82, duka a 1943, aka loda su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can aka shiga da su dazukan yammacin Bama. Wasu bataliyoyin Nijeriya uku kuma aka ware su aka haɗa da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke ta sama a bayan abokan gaba a 1944. Sunansu ne barikin Chindit na Zariya ke ɗauke da shi. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda mahaifinsa ma ya je yaƙin, a kansu ya rubuta littafinsa Burma Boy a 2007. Ina gama ba Kawu wannan labari ya buga cinya ya ce, "Yauwa! Cikinsu yake. Yanzu na tuna." Minti biyar kafin nan bai taɓa jin sunan ba.

Matsalar suna ce ta fara kayar da ni. Akawun da ke ɗaukar kurata a wancan zamani ba ya wahalar da kansa da sunan kakanni: sunanka na yanka, sai a liƙa maka sunan gari. Kaka daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya fito, amma da yake Lardin Zazzau ne, Zariya aka maƙala masa. Ka rubuta wannan suna a intanet ka ga ikon Allah. Wurin da na samu jerin sunaye mai tsari shi ne na hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙan tunawa masu sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Na bi masu irin sunan Kaka ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara ruwa, sannan matata ta leƙo ta tambaye ni ko ba mutumin da aka binne a bayan gidan gona nake nema a Rangun ba.

Da na shaida wa Kawu cewa jerin na matattu ne kawai, sai ya ɓata rai. "To laifinsa ne da bai mutu ba?"

Na hau motar Kasuwa daga Sabo, muka bi ta Television, muka haye gada zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon. Wurin ya cancanci a je ko ba a neman kaka. Fayil-fayil na Lardin Zazzau suna nan: haraji, jangali, rigimar iyaka, rahoton Di'o kan wane dagaci ne ke da kai, wane ne ba shi da shi. Na shagala da wata shari'ar gona har na manta abin da ya kawo ni. Ma'aikacin da ya taimake ni ya yi mini bayani cikin ladabi cewa takardun soja ɗaya tilo harkar rundunarsa ce, ba ta ofishin Razdan ba, ya kuma ba ni shawarar da ta fi duk abin da na karanta amfani: in nemi tsohon soja.

A Sabo wannan ba wuya. Kusan kowane layi akwai mai fansho. Aka kwatanta mini wani tsohon samanja a Unguwan Boro, wanda ya yi Yaƙin Basasa, kuma waɗanda suka horar da shi a Zariya 'yan Bama ne. Na same shi a ƙofar gida, rediyo a cinya, ya goge takalman roba sai ƙyalli suke. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi buƙatata.

Ya ce, "Ku yaran yanzu kuna wuce Bama kullum a cikin garin nan ba ku sani ba. Barikin Kalapanzin, sunan kogi ne a can. Barikin Dalet na Kawo, can ne. In ka je Ikko, ga Arakan, ga Myohaung, garin da mutanenmu suka ƙwace a Janairun 1945. Kakan naka, gizo ne ko gammo?"

Na ce, "Baba, mutum ne."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa kurtun da ya juya hagu an ce dama. Ya ce tambarin kafaɗa yake nufi. Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne tambarinta, ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye cikin gammo. In na samo ƙyallen, an san rundunar.

Na koma wurin Gwaggo na tambaye ta ko ta taɓa ganin wani ƙyalle haka. Ba ta ce komai ba. Ta sa jikanta ya jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ta ɗage zannuwan Zumunta, ta zaro leda. Ga ƙyalle, gammo da masu biyu, zaren ya kokkoɗe. Ga kuma wani ɗan littafi mai taurin bango: littafin sallamar Kaka daga soja, na 1946.

"Gwaggo! Wannan yana nan tun tuni?"

"Ka tambaye ni? Kawunka ya ce ɗan boko zai nemo. Na ce bari in ga inda bokon zai kai ka."

Gara ta cinye kusurwar sama, ta tafi da rabin lambarsa, ta bar NA da wasu alƙaluma. Shafukan baya da soja ba su cike ba, Gwaggo ta cike su da lissafin adashi, har da sunayen waɗanda suka ci ba su zuba ba. Tsayinsa yana rubuce, amma daidai nan man ja ya ɗiga, don haka rigimar dogo da gajere tana nan daram.

Samanja ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa, ya gyaɗa kai. Ya ce Kaka yana cikin rukunin masu ɗaukar kaya ne. Ya bayyana mini yadda abin yake: ƙasar Arakan duwatsu ne da koguna da kurmi, mota ba ta shiga. Jirgin sama ke jeho abinci da harsasai, mutane su ɗora a ka su bi sahun masu bindiga, su hau dutse, su ratsa ruwa, su ɗauko wanda aka harba. Galibinsu adda ce makaminsu. Ni dai a ganina, wanda ya shiga inda ake ɓarin wuta da akwatin harsashi a ka da adda a kugu ba ya buƙatar a ƙara masa Hitila.

Sai na zaro hoton in nuna masa. Ya ɗan yi shiru, ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da nasa. Sahu uku, Bature mai gashin baki, komai da komai, sai dai nasa ba tsaga. Ya dangwala yatsa kan dogon sahun baya ya ce, "Ga babana."

Na kai wa Kawu rahoto biyun a tare, don in sha faɗan sau ɗaya.

"Ɗan dako? Ubana? Da wane bakin zan faɗa wa surukaina?"

Gwaggo ta ce, "Ga maganar sanƙo ta fito. Harsashi ko? Gammo ne ya cinye gashin."

Game da dogon kuwa, Kawu ya ce samanja ya tsufa, idonsa ya mutu. Samanjan ƙanen bayan Kawu ne da shekara huɗu.

Lokaci ya ƙure, Disamba ta kawo kai. Na kai hoton wurin wani mai hoto a bakin titin Kachia, irin masu allon nan da ke cewa ana gyara tsohon hoto ya dawo sabo. Na ce ya faɗaɗa hoton gaba ɗaya, da sojojin duka, kowa ya zaɓi nasa. A ƙasa a rubuta Runduna ta 82, Arakan, an sallame shi 1946. Ya ce, "Oga, an gama." Abin da bai gaya mini ba shi ne da yamma Kawu ya biyo sawuna ya ba shi nasa umarnin, washegari da safe kuma Gwaggo ta je da nata. Yaron ɗan kasuwa ne, ba ya son ɓata wa kowa.

Ranar taro aka kwance ɗaurin kalanda a gaban jama'a. Mutum ɗaya ne a tsakiya, shi kaɗai. Kakin zamani kore shar, jan ƙyalle a wuyan riga, takobi da sanda a gicciye a kafaɗa, lambobin yabo jere har sun kusa kai ciki. A bayansa tutar kore-fari-kore tana kaɗawa, tutar da sai 1960 aka fara ɗaga ta. Ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci sojan ƙasar nan, Aguiyi-Ironsi, sai a 1965 ya karɓa daga hannun Bature, amma ga Kaka ya riga shi da shekara kusan ashirin. Fuskar ta dogon sahun baya ce, an goge ta da kwamfuta har ta yi santsi. Kunnuwan kuwa na gajeren ne, an yanko su an manna, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo.

Aka yi tsit. Sai wata jikanya ta ce, "Kai, ya yi kama da Kawu!" Wurin ya ɓarke da guɗa. Kawu ya share hawaye da hannun riga. Na buɗe baki zan yi maganar Arakan, wani ɗan'uwa ya cusa mini cinyar kaza a hannu ya ce in bari sai an gama addu'a.

Kafin sabuwar shekara labari ya kai Unguwan Boro. Samanja ya zo har gida da sandarsa, ya tsaya gaban kalandar ya ƙame ya sara mata. Ya ce shekara da shekaru yana cewa an danne wa babansa ƙarin girma, ga shi Allah ya yi. Ya nemi guda ashirin don nasa dangin, kyauta, tunda ba a nemi izininsa ba kafin a taɓa kunnuwan mahaifinsa.

Saura cikon kuɗin mai hoto, wanda sunana ne a rasit. Kawu ya ce shi ya ba da shawara, kuma shawara ta fi kuɗi. Na je wurin Gwaggo da lissafi. Ta ɗaga kalandar, ta kai ta kusa da ido, ta nisanta ta, sannan ta kwance bakin zane ta ƙirgo 'yan canji ta ajiye mini a tafin hannu.

Ta ce, "Kunnuwan kaɗai na gane. Kuɗinsu ke nan."