Neman Tarihin Giwa Mai Tashi

Mai neman littafi kan yadda aka tafiyar da Nigeria Airways sai ya tanadi haƙuri irin na fasinjan kamfanin. Ka tambayi mai shagon littattafai, ya miƙo maka jagorar JAMB, ya ce sauran suna hanya.

Alhali ga labari jibgi. An kafa kamfanin a 1958, tambarinsa giwa mai fukafukai, kai ka ji zaɓi! A 1979 aka ɗauko Turawan kamfanin jiragen sama na KLM su riƙe shi shekara biyu. Suna juya baya aka koma gidan jiya, a 2003 giwa ta kwanta dama.

Waɗanda suka san inda kuɗin kamfanin suka shiga kuwa, ba sa son alƙalami. Malam, nemi tsohon ma'aikacin kamfanin, ka saya masa shayi, ka gyara zama.